Ƙafa Ce, Ba Kaya Ba

Sadiya, 'yata,

Assalamu alaikum. Gaisuwa daga ni da Mmanki, da duk waɗanda suka tare ni a hanya suka ce in gaishe ki, waɗanda in na tsaya jera sunayensu takardar za ta ƙare. Ina roƙon Allah wasiƙar nan ta same ki lafiya, ya sa ɗakin da aka ba ki a Kumasi ya karɓe ki, ya tsare ki a fita ya tsare ki a dawowa, ya haɗa ki da direbobi masu tsoronsa.

Tun ranar da kika kira kika ce kin je makarantar da za ki koyar kin dawo ke kaɗai, nake cin abinci har in nemi ƙari. Mmanki ta ce ashe dama ba tuwonta ne ya lalace ba. A waya ba na samun faɗa miki abin da ke raina, don kafin in gama gaisuwa ta fizge ta hau tambayarki abin da kika dafa. Shi ya sa yau bayan Juma'a na tura ƙofar shago, na ture yadin mutane gefe, na zauna a teburin yanka da biro. Labarin gida aikin Mmanki ne. Ni kurakuraina zan faɗa miki, don kada ki ɗauke su ki tafi da su Kumasi a matsayin tarbiyya.

Tsorona ɗaya ne tun kina ƙarama: ranar da za ki kasance a bakin titi, mota ta tsaya, ni kuma ba na kusa. Duk abin da na ɓata, wannan tsoron ne ya sa ni ɓata shi. Akwai kuma wata jaka a ƙarƙashin teburin nan da ba ki san da ita ba, amma ki bari sai na zo kanta.

Kin san shan inna ya kama ki kina shekara uku, muna gidan haya a Nyohini. Abin da ba ki sani ba shi ne sau biyu ana kawo mana keken guragu ina mayarwa. Na ce 'yata ba ta buƙata, ga bayana, ga babur ɗina. A raina gani nake ranar da na zaunar da ke a keken, ranar ce na yarda ƙafar ba za ta dawo ba. Haka na yi ta ɗaukarki, safe in kai ki makaranta, rana in bar ɗinkin mutane in ɗauko ki. Unguwa kuwa sai yabona ake, ana cewa Tela ya iya riƙon 'ya. Ba zan ɓoye miki ba, yabon yana yi mini daɗi ƙwarai.

Sai zazzaɓi ya kwantar da ni kwana tara kina aji shida. Mmanki ta iya babur kamar kowace matar Tamale, amma kin girma, ɗaga ki ya fi ƙarfin bayanta. Kullum da safe kina sa rigar makaranta ki zauna a bakin ƙofa, ina jin ki daga ɗaki kina tambayar ko Baba ya tashi. Har gwajin ajinku ya wuce ki. Shekararki sha ɗaya a garin nan ba ki san wace mota ke bi ta makarantarku ba, ba ki taɓa miƙa wa met, wato yaron mota, kuɗi da hannunki ba. Ni na yi miki haka, ba cutar ba.

Don haka, Sadiya, kada ki bari mutum ɗaya ya zama shi ne hanyarki, ko da kuwa yana sonki kamar ransa. Za ki samu wata malama mai kirki ko wani maƙwabci mai mota da zai ce kada ki damu, shi zai riƙa kai ki. Ki gode masa, ki shiga in ya dace. Amma ki san motar hayar da ke zuwa duk inda kike zuwa, ki san ta biyu in ta farko ta ƙi tsayawa. Mai kirki ma yana yin zazzaɓi, ni na gani a jikina.

Na biyun ya fi yi mini nauyi a baki. Da muka koma Dungu kika shiga sakandare a cikin gari, na haƙura na karɓi keken. Babur ba zai ɗauke mu ni da ke da shi ba, sai torotoro, motar hayar cikin gari. Ranar farko na ɗaga ki na zaunar, na naɗe keken, met ya tura shi baya tare da buhunan mutane. Da ya zo karɓar kuɗi na miƙa masa na mutum biyu, ni da ke. Ya kalli tafin hannunsa, ya kalle ni.

"Baba, kaya fa? Kaya yana da kuɗinshi."

Ni tela ne. Duk ranar da na ɗauki keken ɗinkina zuwa wajen gyara, kuɗin kaya nake biya ba gardama. A kaina keke keke ne. Ga kuma idon mutane, ni kuwa kin sanni, gara a cuce ni a hankali da a ji muryata a mota. Na zaro na biya. Shekara huɗu muna haka, in ina tare da ke in biya, in ba na nan in ƙulla miki kuɗin kaya daban a gefen hijabi. Har nakan ce wa met ya yi haƙuri da mu, sai ka ce mun shigo masa da akuya.

Ranar da kika kawo ƙarshen abin ba zan manta da ita ba. Asabar ce, motar cike da matan kasuwa, ina gefenki. Met ya ce kaya, na kai hannu aljihu, sai na ji muryarki.

"Yaya met, waccan Hajiyar ta gaba ta biya kuɗin ƙafarta?"

"Wane ƙafa?"

"Da ƙafa biyu ta shigo, ban ga ka caje ta ba. Ni ma da tawa na shigo. Bambancin kawai tawa ana naɗe ta."

Hajiyar ce ta fara fashewa da dariya, ta ce wallahi in ana cajin ƙafa ita nata sai ya fi na kowa tsada, kowa ya dubi girmansu. Mota ta ɗauka gaba ɗaya. Direban ya dubo ta madubi ya ce, "Bar shi, yarinya ya yi gaskiya." Ni kuwa ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Muna isa gida na rufe ki da faɗa, na ce kin tsinka ni a gaban jama'a, 'ya mace ba ta sa-in-sa da namiji a mota. Kika bari na gama tsaf, sannan kika ce, "Baba, shekara huɗu ana kiran ƙafata kaya, kai kuma kana biya." Na sa takalmi na tafi shago, ban kuma taɓa ba ki haƙuri ba. Yau ga shi na rubuta da hannuna: ki yafe mini, ke ce da gaskiya.

Nasihata a nan gajeriya ce, kuma a wajenki na koye ta. Ki biya kuɗin mutum ɗaya. Kada ki biya na biyu, kada kuma ki yarda a kai ki kyauta don tausayi. Na taɓa karɓar wannan kyautar a madadinki, ina ta godiya, washegari direban nan ya gan mu a bakin titi ya ƙara wuta ya wuce, don ya san kujerarki ba kuɗi. Wanda ya biya shi ke da bakin cewa a tsaya daidai, a jira ya sauka. Kuɗin mota kuma ba ya zama wuri ɗaya, da mai ya tashi zai tashi, saboda haka ki tambayi matar da ke kusa da ke kafin ki tambayi met, ki riƙe canji a hannu. Ki sa ido ki ga inda aka ajiye keken, kada a danne shi da buhun doya. Kuma ki koyi tambayar kuɗin mota da Twi tun yanzu, ko za su yi wa harshenki dariya.

Na uku shi ne maganar hanya, wadda har yau in Mmanki tana so ta tsokane ni sai ta ce a kira Tela ya rubuta mana takarda. Kin san tsakanin gidanmu da babban titi. Ga mai ƙafa ba komai ba ne, amma ga tayar keke, da damina, da taɓo da lambatun nan na bakin masallaci, tafiya ce. Sau nawa kika isa titi da siket ya ɓaci har kika juyo gida. Alhali hanyar cikin unguwa tana shiga ta gaban masallacin ta sake fita titi a gaba, ba abin da zai hana mota ta bi ta nan. Na ce zan rubuta wa ƙungiyar direbobin tasharmu.

Na zauna na cika shafi uku. Na ba da labarin cutarki tun daga zazzaɓin farko, da asibitocin da muka je, da hawayen Mmanki. Kalmar gurguwa ta fito ya fi sau biyar. Kowane layi na rufe shi da don Allah a taimaka. Maganar hanyar kuwa layi ɗaya ce a can ƙasa, kusa da sa hannu. Na ɗauka ni kaɗai, ba dattijo, ba ko goro, na miƙa wa wani da na tarar a ofis ban ma tambayi sunansa ba. Bayan sati biyu aka aiko ciyaman yana nemana. Na sa babbar riga, ina tafe ina murmushi ni kaɗai a hanya.

"Dasiba," na ce, na gaishe shi da harshen garin.

"Naa. Tela, zauna. Mun karanta takardanka, ya taɓa mu sosai. Direbobi sun haɗa ɗan abu."

Ya miƙo mini ambulan, aka ɗaga hannu aka yi miki addu'a. Na ce, "Alhaji, hanyar fa?" Ya ce, "Wane hanya? Ka ce a taimaka, mun taimaka." Ba laifinsa ba ne. A tasha, in mutum ya ce taimako, kuɗi yake nufi, ni ma na san haka, shekarata nawa a garin nan. Na roƙi hanya da harshen bara, aka ba ni abin da ake ba mai bara. Na dawo gida da ambulan a aljihu, mota kuma ta ci gaba da wucewa ta babban titi. Kika ce in nuna miki kwafin takardar, na ce wane kwafi.

Lokacin kina hutun kwalejin malamai. Washegari da sassafe kika gangara gindin darbejiyar bakin masallaci da littafi a cinya. Sati biyu kina zama a wurin, kina tsayar da duk mai fita titi kina tambayarsa ina za shi, da ƙarfe nawa, da me yake hawa. Ni kuwa hankalina ya ƙi kwanciya, don na san abin da mutane ke ɗauka in sun ga keke a gindin bishiya kusa da masallaci. Ai kuwa ina tsaye daga nesa wani baƙo ya jefa miki kwabo a kan littafin. Na taho a fusace in tura ki gida. Kafin in iso kin kira shi, kin mayar masa da kuɗinsa, kin kuma sa ya dangwala yatsa a takardarki. Na juya na koma shago.

Takardarki rabin shafi ce. Kin ce mutanen unguwa suna neman motar safe da ta yamma su shiga ta gaban masallaci su fita ta gaba. Kin faɗi lokaci, kin faɗi masu hawa: matan kasuwa da tsofaffi da masu zuwa awo, waɗanda yanzu yalo-yalo mai ƙafa uku ke kwashewa don ita ce ke shiga lungu. Maganar masu keke da sanda ta zo a cikin jerin, ba ta fi ta kowa kuka ba. A bayanta ga yatsun mutane shafi bayan shafi. Kika ce liman ya raka mu, kika aike ni kasuwa in sayo goro. Ciyaman ya karanta, ya sake karantawa, ya dube ni.

"Tela, yarinyanka ne ya rubuta wannan?"

Na ce ita ce. Ya ce, "To ka da can me ya sa ba ka faɗi haka ba?" Liman ya sunkuyar da kai yana gyaran rawani, amma na ga kafaɗarsa tana rawa don dariya.

Ba a amsa ranar ba, ba a amsa watan ba. Aka ce sai direbobi sun zauna, aka ce sai an ga wakilin unguwa, aka ce takardar ta ɓata, kika ciro kwafi daga jaka. Duk hutun da kika zo sai kin je, ki gaishe da sakatare da sunansa, ki tambayi iyalinsa, sannan ki tambayi takarda. Damina biyu aka yi. Kuɗin ambulan ɗin nan da na rasa yadda zan yi da su, su muka sa aka zuba siminti aka rufe lambatu. Da mota ta fara shigowa, sati uku kacal kika hau ta takardar aikinki ta fito. Abin ya ci mini rai, na ce duk wahalar nan ga shi wasu za su mora. Kika ce, "Baba, dama ai yatsun wasu ne a takardar."

A Kumasi ma za ki tarar da matakala inda bai kamata ba, da tasha da ke nesa, da ƙofar aji da keke ba ya shiga. In za ki nema a gyara, ki faɗi abin da kike so tun a layin farko, daga ina zuwa ina, da wane lokaci. Ki nemo waɗanda abin ke damunsu kamar ke, suna nan, sun yi shiru ne kawai irin na babanki. Ki tafi da babba, ki yi gaisuwa yadda mutanen wurin ke yi, ki ajiye kwafi, ki koma. Kada ki je ranar da ranki ke ɓace. Kalmar taimako kuwa ki bar ta a gida, sai ranar da ainihin taimakon kike nema, wannan kuma ba abin kunya ba ne.

To, ga maganar jakar. Tun ranar da takardar aikinki ta zo na haɗa ta a ɓoye: riga uku, carbi, maganin hawan jini, har da almakashi, wai ko zan samu ɗan ɗinki a zango. Niyyata in raka ki tasha, in mota za ta tashi in ce ai ni ma na yanki tikiti, in zauna a Kumasi wata ɗaya ko biyu har ki saba. Ko Mmanki ban faɗa wa ba. Ranar tafiyar na bar jakar wajen mai shayin bakin tasha, na ce ina zuwa.

Kin tuna mai loda kaya, wanda ke yawo da alli yana sa wa jakunkuna lamba. Ya gama da akwatinki, ya dafa keken ya ce wannan ma kaya ne, kuɗinsa daban. Sadiya, bayan duk abin da na rubuta a sama, hannuna aljihu ya tafi. Shi da kansa ya tafi, ban aike shi ba. Kika riƙe mini wuyan hannu ba ki ko kalle ni ba. Kika ce masa, "Yaya, akwati kaya ne, na biya. Wannan ƙafata ce. Ka sa shi daga ƙarshe, don shi zai fara fita in mun isa." Ba tsawa, ba roƙo, kamar mai tambayar lokaci. Ya mayar da allin bayan kunne, ya ce, "To, Madam." Kika nuna wa mutum biyu yadda za su kama ki a matakalar mota, kika gyara wa ɗayan riƙo, kika zauna kusa da ƙofa.

A nan tsaye na ji wani nauyi da na shekara ashirin da wani abu ina ɗauke da shi ya sauka. Ranar da nake tsoro ta zo a gaban idona, mota ta tsaya, kuma ko da ina kusa ba ni na yi komai ba, sai ma hana ni ɓatawa da kika yi. Na ɗaga miki hannu har motar ta fita. Sannan na je wajen mai shayi na karɓi jakata, ya ce Baba ka fasa tafiyar ne, na ce na fasa. Ban yi asarar tikiti ba, don kin san babanki, ko yankar ma ban yi ƙarfin halin yi ba tukuna.

Saura abu ɗaya. Gwiwata ta dama ta fara ƙin babur, saboda haka shekaranjiya na hau torotoro daga kasuwa zuwa gida. Da muka bar titi muka shiga unguwa, na ga wata mai tsohon ciki ta daina haɗa kayanta da wuri, na ga malamin nan makaho na bayan gidanmu yana zaune hankali kwance da sandarsa a tsakanin gwiwa. Muna dosar darbejiya sai met ya buga jikin mota ya ɗaga murya:

"Sadiya jankishan! Akwai mai sauka?"

Ban san haka suke kiran mahaɗar ba. Met ɗin baƙo ne, bai sanni ba, ke ma bai taɓa ganinki ba. Ya sake kira. Na ce akwai. Na biya kuɗin mutum ɗaya na sauka a kan simintinmu, na tsaya gindin bishiyar ina share ido da hula har liman ya leƙo ya tambaye ni ko lafiya. Na ce masa lafiya lau, ban taɓa jin lafiya irin ta yau ba.

Mmanki ta ce in gaya miki yajin da ta sa miki yana aljihun gefen akwati, kada ki bari ya sha iska. Ki riƙe salla, ki riƙa sa wa tayoyin mai, ki gaishe da shugabar makarantarku. Allah ya tsare gabanki da bayanki, ya daidaita miki kowace hanya, ya sa duk motar da kika tsayar ta tsaya. In kin zo hutu kada ki kira ni in zo tasha. Ki hau ta unguwa, ki saurari met, ya san inda zai sauke ki.

Wassalam.

Babanki,
Tela